Alexander Ovechkin a bakin 'yan kallo: ƙwallo 895, zargin son kai da hoton Putin

Ranar 6 ga Afrilu 2025, a filin ƙungiyar New York Islanders, Alexander Ovechkin, ɗan Rasha mai buga wa Washington Capitals, ya jefa ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da ake bugawa a Amurka da Kanada. Da ita ya ture tarihin Wayne Gretzky ɗan Kanada na ƙwallo 894, wanda ya tsaya tun 1999, har masana suka daɗe suna cewa ba mai taɓa shi. Amma tarihin bai kashe gardamar da ake yi a kansa ba. Shekara ashirin ke nan magoya bayan wannan wasa suna jayayya kan mutumin, kuma jayayyar kashi uku ce: iya wasansa, halinsa, da ƙasarsa. Matsalar ita ce ba kasafai ake ware su ba. Kafin 2018 masu sukarsa ne ke cusa zancen ƙasa cikin hukuncin wasansa da halinsa. Daga 2022 kuma masu kare shi ne ke fakewa da zancen ƙasa don kauce wa tambayar da ta shafi abin da ya aikata da hannunsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba: kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara har da mai tsaron raga, ana buga zango uku na minti 20, abin da ake bugawa kuwa faifan baƙar roba ne mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. A nan za a kira shi ƙwallo don sauƙi. A shekarun da ake magana a kansu kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka, sannan 16 su shiga zagayen fidda gwani, inda ake karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Wadda ta tsallake zagaye huɗu ita ke ɗaukar Kofin Stanley.

Abin da alƙaluma suka ce, da inda ake murɗa su

An haifi Ovechkin a Mosko ranar 17 ga Satumba 1985. Mahaifiyarsa Tatyana ta ci zinaren Olamfik sau biyu a ƙwallon kwando, 1976 da 1980. Washington Capitals ta zaɓe shi na farko a zaɓen matasan 'yan wasa na 2004, amma bai fara ba sai Oktoba 2005, saboda rikicin albashi ya cinye kakar 2004-05 ɗungurungum. A kakarsa ta farko ya ci 52, ya doke Sidney Crosby, ɗan Kanada na ƙungiyar Pittsburgh, a kyautar sabon ɗan wasa. A 2007-08 ya ci 65. Sau tara yana ɗaukar kyautar wanda ya fi kowa cin ƙwallo, sau uku kuma gwarzon gasar, a 2008, 2009 da 2013.

Sukar da aka fi yi wa wasansa ita ce wai tsayuwa kawai yake yi a wuri guda yana jiran a kawo masa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai masu faɗa ba su cika bayanin dalilin da ya sa abin ke ci ba. Idan ɗan wasa ya yi laifi ana fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta rage mutum huɗu gaban biyar, ban da masu tsaron raga. A waɗannan mintuna na rinjaye Ovechkin yakan tsaya a saman da'irar hagu ta yankin abokan hamayya, wurin da 'yan kallo suka laƙaba wa suna ofishinsa. Shi badame ne a riƙon sanda, don haka idan yana hagu bakin sandarsa na fuskantar tsakiyar fili. Abokin wasansa Nicklas Backstrom zai riƙe ƙwallo a ɓangaren dama ya janyo masu tsaron baya, ya tura wa John Carlson a sama, Carlson ya gangaro da ita hagu, Ovechkin ya zabga ba tare da ya tsayar da ita ba. Gola yana kan hanyar zamewa daga wannan turke zuwa wancan, bai gama daidaita ƙafafunsa ba ƙwallo ta iso. Kowace ƙungiya ta san wannan tsari, ta kalle shi a bidiyo ba adadi. Idan ta ware mutum ɗaya ya manne masa, sauran fili ya zama huɗu gaban uku, kuma T.J. Oshie da ke tsakiya ya samu sarari. Idan ba ta ware ba, ya buga. A ƙarshen 2021 ya wuce tarihin Dave Andreychuk na ƙwallo 274 a mintunan rinjaye, kuma ta 895 ɗin ma daga nan ta fito, Tom Wilson ne ya miƙa masa.

Masu cewa Gretzky ya fi shi suna da hujja mai ƙarfi: Gretzky ya tara maki 2,857, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya bayar aka ci, kuma ƙwallayen da ya bayar aka ci, 1,963, sun fi jimillar makin kowane ɗan wasa a tarihin gasar. A matsayin cikakken ɗan wasa ba a haɗa su. Amma a cin ƙwallo zalla lissafin ya juya. A farkon shekarun 1980 ana cin kusan ƙwallo takwas a wasa ɗaya idan aka haɗa ɓangarorin biyu, a yawancin shekarun Ovechkin kuwa tsakanin biyar da rabi ne zuwa shida, gaban gololi masu manyan kayan kariya da horon rufe ƙasan raga. Ya kuma yi asarar kaka guda cur, da kusan rabin ta 2012-13 da aka buga wasa 48 kacal, da wasannin da annobar korona ta yanke. Duk da haka ya kai 895 a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga.

Alƙalamin da aka fi yi masa bulala da shi shi ne na kakar 2013-14: ƙwallo 51, amma ragi 35 a ma'aunin ƙari-da-ragi. Ma'aunin yana ba ɗan wasa ƙari ɗaya idan ƙungiyarsa ta ci yana kan ƙanƙara, ragi ɗaya idan aka ci su, amma ba ya lissafa abin da aka ci a mintunan rinjaye. A waccan kaka 24 daga ƙwallayensa na rinjaye ne, wato kusan rabin aikinsa bai shiga ma'aunin ba. Haka nan idan ƙungiya tana baya a ƙarshen wasa ta cire gola don ƙara ɗan gaba, aka jefa mata a raga fayau, ragin yana hawa kan manyan 'yan gaban da ke ciki. Saboda haka lambar ta ƙara gishiri. Amma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A Afrilu 2014, a wasa da Dallas, an ga yana zamewa a hankali maimakon ya bi mutuminsa, aka ci su, kocinsa Adam Oates ya fito fili ya ce ya saki wasan. Wanda ya ce tsaron bayansa a shekarun nan ya yi rauni bai zalunce shi ba.

Hali: murna, duka da kofin da ya ƙi zuwa

Al'adar wannan wasa a Kanada tana son ɗan wasa mai kawaici. Ka ci ƙwallo, ka ɗaga sanda, ka rungumi abokan wasa, ka koma benci. Ovechkin ya zo yana tsalle yana dukan gilashin gefen fili da jikinsa. A Maris 2009, da ya ci ta 50 a Tampa, ya ajiye sandarsa a ƙasa yana yi kamar ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Don Cherry, mai sharhin da ya shafe shekaru kusan arba'in yana magana a talabijin ɗin Kanada duk daren Asabar, ya riga ya caccake shi kan irin wannan murna, yana kwatanta ta da ta 'yan ƙwallon ƙafa, yana gargaɗin yaran Kanada kada su kwaikwaya. Cherry ya daɗe da suna wajen raina 'yan wasan Turai, kuma a 2019 aka sallame shi kan kalaman da ya yi game da baƙin da suka ƙaura zuwa Kanada. Daga irin wannan sharhi aka gina hoton da ya bi Ovechkin shekaru: Crosby yaron kirki ɗan Nova Scotia mai wasa don ƙungiya, Ovechkin Barashe mai wasa don kansa.

Wani ɓangaren zargin halin yana da tushe. An dakatar da shi wasa biyu a ƙarshen 2009 kan haɗa gwiwa da Tim Gleason, wasa biyu a Maris 2010 bayan ya tura Brian Campbell cikin katangar fili ya karya masa ƙashin wuya, wasa uku a Janairu 2012 kan dukan da ya yi wa Zbynek Michalek. Mutum ne mai nauyin sama da kilo 100 da ke shiga jikin abokin hamayya da gudu, kuma a shekarunsa na farko bai san inda ake taka birki ba. Wannan hukunci ne kan abin da ido ya gani, ba ruwansa da fasfo.

Zargin da ya fi ciwo shi ne cewa ba ya iya cin kofi. Pittsburgh ta Crosby ta fitar da Washington a zagaye na biyu a 2009, 2016 da 2017, kuma duk sau ukun ita ta ɗauki kofin. A nan ne ya kamata a duba takardar wasa. A karawar 2009 Ovechkin ya ci ƙwallo 8 ya tara maki 14 a wasa bakwai, Crosby ya ci 8 ya tara 13. A 2010 Washington ta gama kaka a saman teburin gasar, Montreal ta fitar da ita a zagayen farko. Ovechkin ya ci 5 ya tara maki 10 a karawar. Abin da ya kashe su shi ne golan Montreal, Jaroslav Halak, wanda ya tare 53 a wasa na shida da 41 a na bakwai, da kuma yadda ƙungiyar ta samu damar rinjaye sau 33 ta ci sau ɗaya tak. A wasan da fitaccen ɗan gaba ke buga kusan minti 20 cikin 60, ɗora faɗuwar ƙungiya kan mutum ɗaya rashin lissafi ne. Amma laifin babba rowa, kuma shi ne kyaftin tun Janairu 2010, shi ne mai kwantiragin dala miliyan 124 na shekara 13. Da aka kori koci Bruce Boudreau a Nuwamba 2011, Dale Hunter ya zo ya rage masa mintuna ya tafi, aka kori Oates a 2014, sai aka ƙara masa laƙabin mai cinye kociyoyi.

Ranar 7 ga Yuni 2018 Washington ta doke Vegas ta ɗauki kofinta na farko, bayan ta kawar da Pittsburgh a hanya. Ovechkin ya ci 15 a zagayen fidda gwani, aka ba shi kyautar gwarzon zagayen, ya zama Barashe na farko da ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Abin lura shi ne yadda fassarar halinsa ta juya cikin mako guda. Murnar da aka kira rashin tarbiyya a 2009 ta koma son wasa tsakani da Allah. Da aka gan shi yana iyo a cikin maɓuɓɓugar ruwa a unguwar Georgetown yana shagalin kofi, mutanen da suka yi shekara goma suna zaginsa suka yi ta dariya suna yaɗa bidiyon. Gaskiya ne ya gyara komawa baya a ƙarƙashin koci Barry Trotz, yana ma zubewa ya tare ƙwallo da jikinsa. Amma ƙwallayen da ya ci a 2018 ba su fi na 2009 nuna jarumta ba. Bambancin shi ne a wannan karon Braden Holtby ya tsare raga, Evgeny Kuznetsov ya tara maki 32, kuma 'yan layi na uku da na huɗu, wato 'yan gaban da ba su kai manyan ba, sun ci nasu rabon.

Ƙasa: tsohuwar gaba da sabuwar tambaya

Zargin cewa Barashe gwani ne amma ba shi da zuciya ya girmi Ovechkin. Ya samo asali tun karawar Kanada da Tarayyar Sobiyet ta 1972, lokacin Yaƙin Cacar Baka, inda aka ɗauki wasan tamkar gwajin tsarin mulki biyu. Da 'yan Rasha suka fara shigowa NHL daga 1989, suka tarar da wannan kallo yana jiransu. Detroit ta ci kofin 1997 da Rashawa biyar, Evgeni Malkin ya zama gwarzon zagayen fidda gwani a 2009, amma maganar ba ta mutu ba. Kafa gasar KHL a Rasha a 2008 ya ƙara mata rai, musamman bayan Alexander Radulov ya bar Nashville a shekarar, Ilya Kovalchuk kuma ya bar New Jersey a 2013 da sauran shekaru masu yawa a kwantiraginsa. Ovechkin bai taɓa yin haka ba. Ƙungiya ɗaya ya buga wa a NHL, kuma da ƙyar ake samun ɗan wasan da ya kai shi juriyar buga wasa ba fashi. A Nuwamba 2024, yana da shekara 39, ya karye a ƙashin ƙwauri, ya rasa wasa 16, ya dawo ya gama kakar da ƙwallo 44. Duk wanda ya jingina masa rashin zuciya saboda ƙasarsa, takardun sun ƙaryata shi.

Tambayar da ta taso daga baya daban ce. A Nuwamba 2017 Ovechkin ya sanar a Instagram cewa ya kafa wata tafiyar goyon baya mai suna PutinTeam, watanni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa na Maris 2018. Hoton da ke fuskar shafinsa nasa ne tare da Vladimir Putin. A lokacin, yawancin 'yan kallo a Amurka sun ɗaga kafaɗa. Da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, washegari ya zauna gaban 'yan jarida ya roƙi a daina yaƙi, amma bai ambaci wanda ya fara ba. Da aka tambaye shi game da Putin, ya ce shugaban ƙasarsa ne, shi kuma ɗan wasa ne ba ɗan siyasa ba. Bai cire hoton ba.

Martani ya zo ta fuskoki da yawa. Kamfanin kayan wasa na CCM ya daina amfani da shi a tallansa na duniya, kamfanin inshora na MassMutual ya janye tallan da yake ciki. Dominik Hasek, tsohon golan Jamhuriyar Cek kuma ɗaya daga cikin mafiya girma a tarihin wasan, ya zage shi a fili ya nemi NHL ta dakatar da dukkan 'yan Rasha. A Maris 2022 'yan kallo a Edmonton, birnin da ke da ɗimbin 'yan asalin Yukren, sun yi ta yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. A Washington kuwa tafi bai ragu ba.

Masu kare shi suna cewa iyalinsa suna Rasha a lokacin, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa, kuma a Maris 2022 aka kafa dokar da ke iya kai mutum gidan yari shekara 15 kan maganar da hukuma ta kira ƙarya game da soja. Wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Artemi Panarin, wanda a lokacin yake New York Rangers, ya nuna goyon baya ga ɗan adawar Rasha Alexei Navalny a Janairu 2021, wata guda bayan haka wani tsohon kocinsa ya fito a jaridun Rasha da zargin dukan wata mace shekara goma da suka wuce. Panarin ya musanta, ƙungiyarsa ta ce ƙage ne don tsoratarwa, amma sai da ya bar wasa na makonni. A Yuli 2022 aka tsare gola Ivan Fedotov a Rasha bayan ya sa hannu da Philadelphia, aka tura shi aikin soja. Wanda ke zaune lafiya a Toronto yana neman Ovechkin ya la'anci Putin a gaban kyamara, abin da yake nema ba shi zai biya kuɗinsa ba.

Sai dai hujjar tana kare shirun 2022 ne, ba ta kare abin da ya yi a 2017 ba. Rashawa da dama suna buga NHL, kuma akasarinsu ba su taɓa kafa wa kowa tafiyar siyasa ba. Nikita Zadorov ma ya fito ya soki yaƙin ƙarara. Saboda haka cewa ana tsangwamar Ovechkin don shi Barashe ne kawai bai dace da abin da ya faru ba: mutum ba zai ara wa shugaba sunansa a lokacin zaɓe ba, sannan ya ce ba ruwansa da siyasa ranar da aka tambaye shi. A ɗaya gefen, kiran Hasek na a kori kowa da kowa hukunci ne kan fasfo, zai haɗa da Panarin da Zadorov. Kuma an ga inda wannan hanya ke kaiwa. Wakilin 'yan wasa Dan Milstein, wanda shi kansa haifaffen Kiyef ne, ya koka a 2022 cewa ana aika wa Rashawan da yake wakilta barazana, gasar matasa ta Kanada kuma ta hana ƙungiyoyinta zaɓen yaran Rasha da Belarus a shekarar, yaran da da dama cikinsu ba su kai shekarun jefa ƙuri'a ba. NHL ta bi tsakiya: ta yanke hulɗar kasuwanci da Rasha, ta bar 'yan wasan suna buga wasansu.

Ba Rashawa kaɗai irin wannan ke samu ba. A farkon 2025 Gretzky da kansa ya sha suka a Kanada saboda kusancinsa da Donald Trump, a daidai lokacin da Trump ke maganar mayar da Kanada jiha ta 51, har aka yi ta tattara sa hannu a Edmonton don a sauya sunan titin da aka raɗa masa. Ba wanda ya ce ƙwallayensa sun ragu saboda haka, kuma ba wanda ya ce laifin na dukkan 'yan Ontario ne, lardin da ya fito.

A Rasha kuwa ƙorafin da aka daɗe ana yi a kansa kishiyar na Kanada ne: wai yana ci wa Amurkawa, idan ya sa rigar ƙasa sai a neme shi a rasa. Ya ci gasar duniya sau uku, 2008, 2012 da 2014, amma bai taɓa samun lambar Olamfik ba. A 2006 Rasha ta zo ta huɗu. A 2010 Kanada ta lallasa ta 7-3 a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, a Sochi a 2014 kuma Finlan ta fitar da ita 3-1 a wannan matakin, a gida, bayan Ovechkin ya ci ƙwallo ɗaya tak a gasar baki ɗaya. A 2018 ya ce zai je ko da NHL ba ta yarda ba, daga baya ya janye, tawagar ta ci zinare ba shi. Da ya kafa tarihin 895, fadar Kremlin ta aika masa saƙon taya murna, kafafen gwamnati suka mai da abin nasarar ƙasa. Hukumar wasan ta duniya ta dakatar da Rasha a ƙarshen Fabrairu 2022, ba a gayyace ta gasar ƙasashe huɗu ta Fabrairu 2025 ba, kuma an cire tawagarta daga Olamfik ɗin Milan na 2026, wanda shi ne karon farko da 'yan NHL suka samu izinin zuwa tun Sochi.